Waiwaye: Billie Holiday, sarauniyar waƙar jaz da aka kama a gadon jinya

A ranar 21 ga Yulin 1959, mutane kimanin 3,000 suka taru a cocin St. Paul the Apostle da ke birnin New York na ƙasar Amurka domin yin sallama da gawar wata mawaƙiya. Cocin ya cika maƙil, jama'a suka malala har bakin titi. A cikin masu makokin akwai manyan makaɗan zamanin, akwai kuma talakawan gari waɗanda muryarta kawai suka sani a faifai.

Marigayiyar ita ce Billie Holiday, wadda masoyanta ke kira Lady Day. Ta rasu kwana huɗu kafin wannan rana tana da shekara 44. Abin da aka tarar a asusunta na banki senti 70 ne, bai ko kai dala ɗaya ba. Mako biyar kafin cikawarta, 'yan sanda sun kama ta tana kwance a gadon asibiti. Birnin da ya fito yana kuka a kanta kuwa, shi ne ya shafe fiye da shekara goma yana hana ta rera waƙa a gidajen rawarsa, saboda wani ɗan kati da ofishin 'yan sanda ya ƙi ba ta.

Ƙuruciya a Baltimore

An haife ta ranar 7 ga Afrilun 1915 a birnin Filadelfiya, aka raɗa mata suna Eleanora. Mahaifiyarta, Sadie Fagan, matashiya ce mai aikatau a gidajen masu hali. Mahaifinta, Clarence Holiday, makaɗin jita ne wanda daga baya ya yi aiki a ƙungiyar makaɗa ta Fletcher Henderson, amma bai zauna ya riƙe 'yarsa ba. Yarinyar ta tashi a birnin Baltimore, yau a hannun wannan ɗan uwa, gobe a hannun wancan, yayin da uwarta ke yawon neman abin sakawa a baki.

Tana da shekara tara, a 1925, aka gurfanar da ita a kotun yara saboda ƙin zuwa makaranta, aka tura ta gidan gyaran hali na 'yan ɗarikar Katolika mai suna House of the Good Shepherd. A watan Disambar 1926, tana da shekara 11, wani maƙwabci ya yi yunƙurin yi mata fyaɗe. An kama mutumin, amma ita ma sai aka sake mayar da ita gidan gyaran halin, aka tsare ta a matsayin shaidar gwamnati har zuwa Fabrairun 1927. Tun daga nan ta fara sanin wani darasi da ya bi ta har ƙarshen rayuwarta: idan ta shiga matsala, hukuma tana zuwa ne da makulli.

Bayan fitowarta ta bar makaranta, ta riƙa goge daɓe da zuwa aike a wani gidan mata masu zaman kansu. A gidan akwai na'urar saka faifai, kuma a nan ne ta fara jin Louis Armstrong da Bessie Smith. Waɗannan biyun su ne malamanta, ko da yake ba su san suna koyar da ita ba. Ba ta taɓa shiga makarantar koyon waƙa ba, ba ta kuma koyi karanta rubutun kiɗa ba har ta koma ga Mahaliccinta.

A 1929 ta bi mahaifiyarta zuwa Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka kai samame gidan da suke zaune, wanda shi ma na mata masu zaman kansu ne, aka tsare ta watanni tana da shekara 14. Da ta fito sai ta fara bin ƙananan gidajen rawa na unguwar tana waƙa daga tebur zuwa tebur, ana ba ta abin da ya sawwaƙa. Ta ari sunan Billie daga wata 'yar fim da take so, Billie Dove, ta haɗa da sunan mahaifinta.

Muryar da ba ta gaggawa

Jaz kiɗa ne da jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suka ƙago a kudancin Amurka, musamman a birnin New Orleans, a farkon ƙarni na 20. Babban sirrinsa shi ne makaɗi ba ya tsayawa a kan karin da aka tsara masa. Yana sarrafa shi nan take, ya lanƙwasa, ya ƙara, ya rage, ta yadda waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu.

Billie ta ɗauki wannan dabara ta masu busa ta mayar da ita cikin maƙogwaronta. Muryarta ba ta da ƙarfi irin na Bessie Smith, ba ta kuma hawa sama sosai. Abin da take da shi shi ne sanin lokaci. Takan bar makaɗa su ɗan wuce ta, sannan ta biyo su a hankali, ta sauke kalma daidai inda mai sauraro bai zata ba. Da wannan salo takan ɗauki waƙar soyayya maras nauyi, irin wadda ake rubutawa don a sayar a manta, ta mayar da ita labarin da mutum zai ji kamar nasa ne. Frank Sinatra, wanda ya zama ɗaya daga cikin mashahuran mawaƙan Amurka, ya amsa da bakinsa cewa babu wanda ya yi tasiri a kan waƙarsa kamar ita.

A farkon 1933 wani matashi mai farautar mawaƙa, John Hammond, ya ji ta a Harlem. A watan Nuwamban shekarar ta yi faifanta na farko tare da Benny Goodman, tana da shekara 18. Daga 1935 ta shiga jerin faya-faye da makaɗin piyano Teddy Wilson, waɗanda har yau masana ke ƙirgawa cikin mafi kyawun abin da jaz ya samar. Sai dai a wancan lokaci ana biyan ta ladan zama ɗaya ne kawai, ba ta da kaso a cinikin faifan komai yawan wanda aka sayar.

A waɗannan shekaru ne ta ƙulla abota da mai busa saksofon Lester Young, wanda har ya taɓa zama a gidan mahaifiyarta. Shi ne ya laƙaba mata Lady Day, ita kuma ta laƙaba masa Prez, wato shugaban ƙasa, don a ganinta shi ne shugaban masu busa. Wanda ya saurari faya-fayen da suka yi tare zai ji kamar mutum biyu ne ke hira, ɗaya da baki, ɗaya da ƙarfe.

Ƙofar baya

A 1937 ta shiga ƙungiyar Count Basie, suka riƙa zagaya ƙasa a mota. A birnin Detroit masu gidan wasa suka tilasta mata shafa baƙin kwalli a fuska, wai hasken fatarta zai iya sa 'yan kallo su ɗauka Baturiya ce ke waƙa a tsakiyar baƙaƙe. A shekarar kuma mahaifinta ya rasu a birnin Dallas na jihar Texas sakamakon ciwon huhu, kuma har ƙarshen rayuwarta tana danganta mutuwarsa da wariyar da ta hana baƙar fata samun magani a kan lokaci.

A 1938 ta koma ƙungiyar Artie Shaw, ta zama cikin baƙaƙen mata na farko da suka yi waƙa da ƙungiyar makaɗa farar fata. Sun ratsa jihohin kudu, inda doka ta raba baƙi da fari a wurin cin abinci, masauki, har da makewayi. Sau da yawa abokan aikinta na ciki suna cin abinci, ita tana jira a mota. Abin da ya ƙure haƙurinta bai faru a kudu ba, a New York ya faru. A otal ɗin Lincoln, inda sunanta ke cikin abin da ke jawo 'yan kallo, aka umarce ta da ta riƙa hawa na'urar ɗaukar kaya zuwa bene, kada baƙin otal su haɗu da ita. Kafin ƙarshen shekarar ta ajiye aikin.

Waƙar da ake kashe wa fitilu

Daga nan ta samu wuri a Café Society, wani sabon gidan rawa da Barney Josephson ya buɗe a ƙarshen 1938, inda baƙi da fari ke zama tebur ɗaya. A nan aka kawo mata waƙar da ta sauya matsayinta, Strange Fruit, wato baƙon ɗan itace. Wani malamin makaranta Bayahude, Abel Meeropol, ne ya rubuta ta da sunan aro na Lewis Allan. Batun waƙar shi ne kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe, inda ake rataye mutum a bishiya ba tare da shari'a ba. Ƙididdigar Cibiyar Tuskegee ta nuna an kashe mutum 4,743 ta wannan hanya tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙaƙe ne. Majalisar dokokin tarayya ta sha karɓar ƙudurin haramta wannan kisa, sanatocin kudu suna daƙile shi.

An tsara yadda za a rera waƙar. Ita ce ta ƙarshe a kowane dare. Masu kai abinci da abin sha za su tsaya cik, a kashe duk fitilun zaure, a bar guda ɗaya a kan fuskarta. Idan ta gama, sai wannan ma a kashe, kafin haske ya dawo ta bar dandali, kuma ba ta dawowa komai yawan tafi.

Kamfanin Columbia, wanda take yi wa faifai, ya ƙi ɗaukar waƙar don tsoron abokan cinikinsa na kudu. Wani ƙaramin kamfani mai suna Commodore, na Milt Gabler, shi ya ɗauke ta ranar 20 ga Afrilun 1939. Gidajen rediyo da dama sun ƙi saka ta, amma faifan ya yi kasuwa. Billie tana da shekara 24 a lokacin, kuma ta ci gaba da rera waƙar har shekara ashirin, a gaban masu so da masu tashi su fice.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyarta. A 1941 ta fitar da God Bless the Child, wadda ta rubuta tare da Arthur Herzog Jr. bayan wani saɓani da ta samu da mahaifiyarta kan kuɗi. A 1944 ta yi Lover Man a kamfanin Decca. Farin furen gadeniya da take maƙalawa a gashinta ya zama tambarinta. Duk da wannan suna, da masu shirya fim na Hollywood suka kira ta a fim ɗin New Orleans na 1947, matsayin 'yar aiki suka ba ta.

A ɓoye kuwa rayuwarta na rushewa. Ta auri Jimmy Monroe a 1941, kuma a wannan tsakani ta faɗa shan miyagun ƙwayoyi, har ta kai ga allurar hiroyin. Mazan da ta yi hulɗa da su, da masu kula da harkokinta, da yawansu sun ci kuɗinta, wasu sun haɗa mata da duka. Rasuwar mahaifiyarta a 1945 ta cire mata ginshiƙin da ya rage.

Shari'a da kati

A wancan zamani hukumar tarayya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana hannun Harry Anslinger, wanda ya shugabance ta daga 1930 zuwa 1962, kuma ya sa makaɗan jaz a gaba. A watan Mayun 1947 aka kama Billie. Ta tsaya gaban kotu a Filadelfiya ba tare da lauya ba, ta amsa laifinta, ta roƙi a kai ta asibiti a yi mata magani. Alƙali ya yanke mata ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya a gidan yarin mata na tarayya da ke Alderson, a jihar West Virginia. Ta bayyana daga baya cewa ko baiti ɗaya ba ta rera ba a duk zamanta a can.

An sake ta ranar 16 ga Maris 1948 saboda kyakkyawan hali. Kwana 11 bayan haka ta hau dandalin Carnegie Hall, zauren kiɗa mafi daraja a New York, kuma tikiti ya ƙare ƙaf. Jama'a sun yafe mata. Ofis ne bai yafe ba.

Tun daga 1940, duk mai aiki a gidan rawa da ke sayar da giya a New York, daga mawaƙi har mai wanke kwanuka, sai ya mallaki katin izini daga rundunar 'yan sandan birnin, bayan an ɗauki hotonsa da tambarin yatsunsa. Wanda kotu ta taɓa samu da laifi, 'yan sanda na da ikon hana shi. Haka aka hana Billie, kuma ba a mayar mata da katin ba har ta rasu.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka ƙaramin abu ne, tunda dokar ba ta hana ta waƙa a babban zaure ba. Amma babban zaure dare ɗaya ne a shekara. Abincin mawaƙin jaz yana ƙananan gidajen rawa ne, inda ake ɗaukar mutum mako huɗu ko takwas, ya yi aiki ya kwana a gidansa. Rashin katin ya jefa ta kan hanya, daga wannan gari zuwa wancan, daga otal zuwa otal, nesa da duk wanda zai iya tsawatar mata, kusa da dillalan ƙwaya. Ya kuma jefa ta hannun maza masu iya kewaye doka, irin su John Levy, wanda ya ba ta dandali a gidan rawarsa ba tare da kati ba, sannan ya mallake kuɗinta. Ta gama zaman gidan yari cikin wata goma, amma hukuncin katin ba shi da ranar ƙarewa, kuma ba alƙali ne ya yanke shi ba. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba, domin Charlie Parker da Thelonious Monk, manyan makaɗan jaz, su ma sun rasa nasu katin a lokuta daban-daban.

A Janairun 1949 aka sake kama ta a birnin San Francisco, kotu ta wanke ta. A 1956 aka kuma kama ta a Filadelfiya.

Shekarun ƙarshe

Duk da haka ba ta daina aiki ba. A 1954 ta zagaya Turai, ciki har da Ingila da Jamus da Faransa, inda aka karɓe ta da girmamawar da ba ta saba gani a gida ba. A 1956 littafin tarihin rayuwarta, Lady Sings the Blues, wanda ta rubuta tare da ɗan jarida William Dufty, ya fito, ta kuma sake cika Carnegie Hall. A 1957 ta auri Louis McKay, auren da shi ma bai kawo mata kwanciyar hankali ba.

A watan Disambar 1957 gidan talabijin na CBS ya tara manyan makaɗa a shirin The Sound of Jazz. A nan ta sake haɗuwa da Lester Young bayan dangantakarsu ta daɗe da yin sanyi. Yana fama da rashin lafiya, amma ya miƙe ya yi 'yar gajeriyar busa, ita kuma tana zaune tana kallonsa tana gyaɗa kai. Hoton yana nan har yau, kuma masoya jaz na ɗaukar waɗannan 'yan daƙiƙu a matsayin bankwanan aminan biyu.

Faifanta na 1958, Lady in Satin, ya raba kan masu sauraro. Giya da ƙwaya da wahala sun cinye muryar, ta dushe, tana karyewa. Wasu sun ce bai kamata a fitar da shi ba. Wasu kuma sun ce a nan ne aka ji ta tsantsa, domin duk abin da ya rage mata shi ne sanin inda za ta ajiye kalma, kuma wannan bai gushe ba.

Lester Young ya rasu ranar 15 ga Maris 1959. Wata huɗu kacal ta ƙara a bayansa.

Asibitin Metropolitan

A ranar 31 ga Mayun 1959 aka kwantar da ita a asibitin Metropolitan da ke New York, tana fama da ciwon hanta da na zuciya, ta rame ƙwarai. Ranar 12 ga Yuni aka ce an samu ƙwaya a ɗakinta. 'Yan sanda suka kama ta a kan gadon, suka ɗauki tambarin yatsunta, suka girke mai gadi a bakin ƙofa, aka kwashe mata rediyo da na'urar faifai da furannin da masoya suka aiko. Sai gab da rasuwarta aka janye masu gadin bisa umarnin kotu.

Ta cika da asubahin ranar 17 ga Yulin 1959. Ban da senti 70 na banki, an samu dala 750 ɗaure a ƙafarta, inda ta ɓoye su. Ba ta bar wasiyya ba, don haka haƙƙin waƙoƙinta ya faɗa hannun mijin da suka riga suka rabu da zama. An binne ta a maƙabartar St. Raymond da ke unguwar Bronx, kusa da mahaifiyarta, kuma kabarin ya kusa shekara babu dutsen shaida, sai da masoyanta suka yi ƙorafi.

Makokin da bai ƙare ba

Girmamawar da ba ta samu da rai ba ta yi ta zuwa bayan ƙasa ta rufe ido. Marubuci Frank O'Hara ya yi mata waƙar ta'aziyya da ta shahara a adabin Amurka. A 1972 Diana Ross ta fito a matsayinta a fim. A 1985 birnin Baltimore, wanda kotunsa ta tsare ta tana yarinya, ya kafa mutum-mutuminta. A 1987 aka ba ta lambar yabo ta Grammy ta gudunmawar tsawon rayuwa. A 1999 mujallar Time ta zaɓi Strange Fruit a matsayin waƙar ƙarni, kuma a 2002 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya ta cikin faya-fayen da ƙasa za ta adana.

Dokokin da suka shafi rayuwarta su ma sun sauya, amma a makare. Birnin New York ya soke tsarin katin izini a 1967, shekara takwas bayan rasuwarta, bayan mawaƙa da marubuta sun daɗe suna yaƙarsa. Majalisar Dattawa ta nemi gafara a 2005 kan gazawarta wajen haramta kisan rataya, bayan ƙudurori kusan 200 sun mutu a majalisa. Sai a watan Maris 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta mayar da shi laifin tarayya, shekara 83 bayan an ɗauki waƙar a faifai.

Billie Holiday ba waliyyiya ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Ta sha ƙwaya, ta amsa a gaban alƙali, ta yi zaman da aka yanke mata. Abin da masu tuna ta ke kasa haɗiyewa shi ne sauran hukuncin, wanda aka riƙa sabuntawa a kan teburin ofis, a cikin fayil, da hannun ma'aikatan da ke ganin ƙa'ida kawai suke bi. Ga duk wanda aikinsa ya ƙunshi amincewa ko ƙin amincewa da takardar wani, labarinta abin dubawa ne: a bayan kowane fayil akwai mai jiran abincinsa, kuma wani lokaci gyaran doka yana zuwa ne bayan an binne wanda ta fi cutarwa.